Shayi da aikin hannu bayan girma ya zo: tambayoyin da aka fi yi min

Tun da na yi ritaya na koma zama da kofin shayi da fensir da takarda, mutane ke ta jefo min tambayoyi, wasu sa'o'ina ne, wasu kuma 'ya'ya ne da hankalinsu ya tashi ganin iyayensu sun yi shiru a gida kamar an zare musu laka. Tambayoyin kusan iri ɗaya suke dawowa, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaici. Wanda ke kan magani dai, maganar likitansa ita ce gaba da tawa.

Wai Malam me ya haɗa shayi da zane ko saƙa? Ni na ga kamar hanyar jirgi daban ta mota daban.

Abin da ya haɗa su shi ne ranar mutumin da ya daina fita aiki. Shekara talatin ko arba'in agogo ne ke tuƙa ka, ka san lokacin tashi, lokacin fita, lokacin dawowa, ko kai ba ka so aiki zai tashe ka. Rana ɗaya sai a ce ka huta, satin farko daɗi, wata na farko ma daɗi, daga nan sai ka ga Litinin da Alhamis duk sun zama abu ɗaya, safiya ta miƙe ta shige cikin yamma ba ka san inda ta bi ba. Ni wannan ne ya fi ba ni wahala, ba rashin kuɗi ba, ba ciwo ba.

To shayi yana da wata baiwa ƙarama, yana da farko yana da ƙarshe. Ka ɗora ruwa, ka jira ya tafasa, ka zuba, ka jira ganyen ya saki, minti biyar zuwa goma kenan da jikinka ya san abin da ke biye da su. In ka saba duk sanda ka ajiye kofin nan a teburi allura ko fensir ko almakashi na gefensa, to shi kenan ka samu ƙararrawar shiga aji. Mafi wuya a kowane aikin hannu ai farawa ce, ba yin ba, mutum zai wuni yana cewa anjima zan ɗauko, anjima zan ɗauko, har rana ta faɗi. Shayin ne ke zaunar da kai a kujerar, aikin kuma shi ke hana ka tashi.

Akwai wani abu a cikin shayin da ke kwantar da hankali da gaske, ko sabo ne kawai?

Duka biyun. Baƙin shayi da koren shayi duk ganyen bishiya ɗaya ne, Camellia sinensis, sarrafawar ce ta bambanta, baƙin ana barin iska ta ratsa ganyen har ya yi duhu, koren kuma ana saurin ba shi zafi don kada ya juya. A cikinsa akwai kafeyin, wanda ke wartsake mutum, amma bai kai na gahawa ba, kofin baƙin shayi yana ɗauke da wajen miligiram 40 zuwa 50, koren ƙasa da haka, gahawa kuwa kofi ɗaya kan kai kusan 95. Sannan akwai wani sinadari da ake kira tiyanin, a Jafan aka gano shi a 1949, kuma an yi gwaje-gwaje da suka nuna idan ya haɗu da kafeyin yana taimakawa wajen tattara hankali. Amma gaskiya abin da ke cikin kofi ɗaya ba shi da yawa, kada wani ya ce maka maganin damuwa ne.

Sauran kuma ɗumin kofin ne a tafin hannu, da ƙamshin, da jiran da ya tilasta maka yi. Ba na raina wannan ɓangaren ko kaɗan.

Na ji an ce masu shan shayi sun fi tsawon rai, haka ne?

Rai dai na Allah ne. Abin da ake nufi, a 2022 an fitar da wani bincike kan mutane kusan rabin miliyan a Birtaniya, masu shekara 40 zuwa 69, an bi su sama da shekara goma, aka ga waɗanda ke shan kofi biyu ko fiye na baƙin shayi a rana haɗarin mutuwarsu cikin wannan lokacin ya yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari idan aka kwatanta da marasa sha. To amma irin wannan binciken kallo ne kawai ake yi, ba ya iya rantsewa cewa shayin ne ya yi aikin, ƙila masu shan shayin sun bambanta ta wata hanya dabam. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, mai sonsa ya sha hankali kwance. Wanda ba ya so kuma kada ya tilasta wa kansa don neman kwana.

Kofi nawa ya kamata in sha a rana? Ni barci ne ke ba ni matsala.

Hukumomin abinci na Turai da Amurka suna cewa babba mai lafiya zai iya ɗaukar har miligiram 400 na kafeyin a rana, wato shayi kofi takwas zuwa goma ma kenan a lissafi. Amma Baba kada ka bi wannan lissafin, don jikin ɗan shekara saba'in ba ya fitar da abu da sauri kamar da, kuma barcin tsufa da ma ba shi da nauyi, ɗan motsi kaɗan ya watse. Kafeyin na ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, a wasu ma ya fi haka, kenan wanda ka sha ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare rabinsa na nan yana yawo a jininka.

Ni kofi uku nake tsayawa, na ƙarshe kafin ƙarfe uku. In da dare ne nake son wani abu mai ɗumi sai in koma na'ana'a ko roibos, wani ganye ne daga Afirka ta Kudu da ba shi da kafeyin sam. Akwai kuma maganar da mutane ke jin nauyin yi, fitsarin dare. Ruwa mai yawa dab da kwanciya yana nufin tashi sau biyu sau uku cikin duhu da magagin barci, kuma a nan ne tsofaffi da yawa ke faɗuwa su karye. Wannan ya fi kafeyin ɗin ba ni tsoro.

Ina shan magunguna kullum, shayi zai iya ɓata su?

Wasu, e. Wanda ya fi shahara shi ne maganin ƙarin jini. Shayi na da tanin, shi ne ke sa baki ya yi ɗan bauri in ya daɗe a jiƙe, kuma yana kama sinadarin ƙarfe ya hana hanji tsotse shi yadda ya kamata, musamman ƙarfen da ke cikin ganyayyaki da hatsi da ƙwayar magani. Mai ƙarancin jini ya raba shayi da abinci da aƙalla awa ɗaya, ƙwayar kuma da awa biyu. Maganin tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, da ake sha da sassafe, da ruwa zalla ake shansa, a jira rabin awa zuwa awa kafin a kusanci shayi. Koren shayi kuma an gano yana rage ƙarfin wani maganin hawan jini da zuciya mai suna nadolol, masu shan wafarin na tsinka jini su ma kada su fara kwankwaɗar koren shayi ko shayin furen kamomil da yawa haka kawai ba su gaya wa likita ba.

Sai haɗe-haɗen ganye da ake sayarwa a kwali, a riƙa karanta bayansu. Da yawa ana sa saiwar likoris don zaƙi, ita kuwa tana ɗaga hawan jini. Ƙwayoyin da ake cewa an tace koren shayi an cusa a ciki don rage ƙiba kuma ba shayi ba ne, an samu mutanen da suka taɓa musu hanta. Abu mafi sauƙi, ran da za ka karɓo magani ka tambayi mai ba da maganin kai tsaye, wannan yana shiri da shayi?

Ni in bai ƙona min harshe ba ban ji na sha shayi ba. Da laifi?

Da laifi kam, Hajiya, ki yi haƙuri. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi. Ba shayin ba fa, zafin, ko ruwa zalla ne. Ki ba shi minti huɗu ko biyar bayan kin zuba. Kuma fatar tsufa ta yi laushi, ƙuna ba ta warkewa da wuri, in hannu ya fara rawa a daina cika kofi fal, a nemi mai mariƙi babba ko mai murfi, buta ma a zuba ruwa daidai buƙata don kada ta yi nauyi.

Suga fa?

Ƙaramin cokali ɗaya giram huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce in da hali babba ya tsaya wajen giram 25 a rana, cokali shida kenan, na komai da komai ba na shayi kaɗai ba. Mai sa cokali uku sau uku ya riga ya wuce tun bai ci komai ba. Matsalar kuma harshe da hanci suna dushewa da shekaru, sai ka ga mutum yana ƙara suga bai sani ba don shi bai ji zaƙin ba. A riƙa rage rabin cokali duk sati, harshe na sabawa. Wani lokacin ma ɗacin da ake ƙoƙarin ɓoyewa da suga daga yawan jiƙawa ne, baƙin shayi minti uku zuwa biyar ya isa, koren kuma ba ya son tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan sauka zuwa digiri 70 ko 80.

Ance shayi na busar da jiki.

A yawan da mutane ke sha, a'a, ana lissafa shi cikin ruwan da ka sha a ranar. Ga tsoho ma alheri ne don ƙishirwa na daina yi masa magana da wuri, shayin kan zama dalilin da ruwa ke shiga cikinsa.

Na haura saba'in ban taɓa riƙe buroshi ba. Ai ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ko?

Wannan karin maganar ta tarbiyya ce, a bar ta a wurinta, ta wannan fagen ita ce gemu ba ya hana ilimi. Akwai wata mata a Amurka, Anna Mary Robertson Moses, wadda duniya ta sani da Grandma Moses, matar manomi ce, ɗinkin ado take yi da zare har ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura, sai ta koma fenti tana dab da shekara tamanin. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta bar zane sama da 1,500. Ba ina cewa kai ma za ka yi suna ba ne, yawancinmu ba za mu yi ba kuma ba shi muka fito nema ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne rashin iyawar taka ita ce ribar. A Jami'ar Texas da ke Dallas an yi wani gwaji da aka buga a 2014, mutum 221 masu shekara 60 zuwa 90, aka sa wasu su koyi ɗinkin bargon haɗe-haɗen ƙyalle ko ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta, wajen awa 15 a sati har wata uku, wasu kuma aka bar su da abubuwa masu sauƙi irin sauraron kiɗa a gida ko fita hira da yawon buɗe ido. Waɗanda suka sha wahalar koyon sabon abu su ne aka ga ƙwaƙwalwarsu ta ƙaru wajen tuna abubuwa. Wato gumin nan da kake ji in yatsu sun ƙi bin umarni, kana kuskure kana warwarewa, shi ne aikin. In abu ya zama kana yinsa ido rufe, yana nan da daɗinsa da natsuwarsa, amma lokaci ya yi da za ka ɗan ƙara masa wuya.

To me zan zaɓa? Abubuwan sun yi yawa.

Kada ka fara da tambayar me ya fi amfani, ka fara da me na taɓa sha'awa rayuwa ta hana ni. Kusan kowa na da shi. Wani tun yana yaro yake zane a bayan littafin lissafi aka dake shi ya bari, wata ta iya kwarashi ta ajiye da haihuwar fari, wani kullum in ya ga kafinta sai ya tsaya kallo. Can za ka koma.

In ba ka tuna komai ba, duba halinka. Mai gajen haƙuri ya nemi abin da ake gamawa a zama ɗaya, zanen fensir, fentin ruwa, ɗaukar hoto da waya, gajerun baitoci. Mai son maimaici da natsuwa, saƙa da ɗinki da jera duwatsun ado sun dace da shi, hannu na tafiya zuciya na hutawa. Wanda zama ke gundura, shuke-shuke ko da a tukwane ne, ko sassaƙa, ko kwaɓa yumɓu. Wanda kuma bakinsa ya fi hannunsa kaifi, ya rubuta tarihin rayuwarsa, ko ya ɗauka a murya a waya, kuma wannan ina roƙon kowa ya yi ko da ya zaɓi wani abu dabam, don ran da ka tafi sunayen kakanni da yadda aka yi aka yi duk sun tafi da kai, jikoki za su zo suna tambaya ba mai amsawa.

Gargaɗi ɗaya daga wanda ya ƙone. Ni da na fara sai da na je na kwaso kaya niƙi-niƙi, fenti kala-kala, buroshi girma-girma, takarda mai tsada, mai shagon ya ga tsoho da zumuɗi ya yi ta ɗora min, na dawo na jera su na kasa taɓa ko ɗaya don tsoron kada in ɓata takardar. Wata biyu suna kallona ina kallonsu. Da fensir ɗaya da bayan tsofaffin takardu na fara a ƙarshe, abu na farko da na zana kuma kofin da ke gabana ne, ya fito kamar bokiti.

Yatsuna na ciwo, idona ma ya rage. Ba shi kenan ba?

Ba shi kenan ba, sai dai a sauya dabara. Henri Matisse, mai zanen nan na Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 yawanci a gado ko keken guragu yake, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, mataimakansa na manna masa a bango inda ya nuna, kuma ayyukan nan suna cikin waɗanda aka fi saninsa da su yau. Renoir, wani mai zanen Faransa, shi ma ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe masa yatsu, sai an saka masa buroshi a hannu, haka ya ci gaba har ya rasu a 1919.

A aikace, a naɗa wa fensir ko ƙugiyar saƙa soso ko ƙyalle ya yi kauri, riƙon ya fi sauƙi. A koma zare mai kauri da allura babba, da zare mai haske don baƙi na wahalar da ido. Fitila kuwa a ƙara, idon ɗan sittin na buƙatar haske ninki biyu zuwa uku na ɗan ashirin kafin ya ga abu ɗaya, kuma ta fito ta gefen hannun da ba ka aiki da shi don kada inuwa ta rufe maka. Minti ashirin a tsaya a miƙe yatsu a kalli nesa. Ga wani amfanin kofin ma, ka rungume shi da hannu biyu kafin ka fara, ɗumi na sassauta gaɓoɓin da suka sandare. In kuma gani kake kamar ta cikin hazo, je a duba yanar ido, aikinta na cikin tiyatar da aka fi yi a duniya kuma ba ya ɗaukar lokaci.

Wannan zai hana ni gigin tsufa?

Ba wanda zai ba ka wannan garantin, wanda ya ba ka kuma akwai abin da yake son sayar maka. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, a ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, ciwon damuwa da kaɗaici. Aikin hannu na taɓa biyun ƙarshen nan, amma ba zai maye gurbin maganin hawan jini ko tattaki ba. Inda shaidar ta fi ƙarfi shi ne jin daɗin rai, a 2023 an duba mutum sama da 93,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashe 16, masu wani abin sha'awa da suke yi sun fi nuna gamsuwa da rayuwa da ƙarancin alamun damuwa. Ni wannan ya ishe ni dalili.

Abin da nake yi ba kyau, kunya nake ji wani ya gani.

To kada ka nuna. Waye ya ce dole? Mu da muka yi shekaru ana auna mu da sakamako, a wurin aiki, a gida, mun manta akwai abin da ake yi don yin sa kawai. Abu ɗaya dai, kada ka yaga, rubuta kwanan wata a baya ka jefa a kwali, bayan wata shida ka fito da na farko ka ajiye kusa da na jiya.

Mahaifinmu tun da ya yi ritaya sai talabijin. Mun saya masa kayan zane ya ce shi ba yaro ba ne. Ya za mu yi?

Yana da gaskiya ai. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in ku miƙa masa kwalin kala kamar ɗan firamare, me kuke so ya ji? Abin da ya rasa ba abin wasa ba ne, ya rasa a buƙace shi. Ku juya abin. Ku kawo masa kujerar da ta karye ku ce Baba ko za ka duba mana, ku kawo tsofaffin hotuna ku ce ba mu san su waye waɗannan ba, a rubuta mana sunayensu a baya, ku ce jikanka na son ya koyi kaza kuma ba wanda ya iya sai kai. Kuma kada ku aika, ku je da kanku, ku dafa shayi ku zauna, kofi a hannu yana sa zama ya yi tsawo ba tare da an ji dole sai an yi magana ba. Kar ku tsaya kansa kuna kai Baba ka iya, ka iya, da muryar da ake yi wa yara, suna ganewa sarai kuma yana musu ciwo.

In kuma kun ga ba ƙi ba ne, ya daina cin abinci sosai, barci ya lalace, abin da da yake so yanzu ko a jikinsa, har ya wuce sati biyu a haka, wannan ba halin tsufa ba ne, a kai shi asibiti. A duba kunnensa ma, da yawa shirun da ake gani rashin ji ne.

Gara in yi ni kaɗai ko cikin mutane?

Ka samu duka in da hali, na kullum kai kaɗai, na sati-sati da mutane. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Gene Cohen, ya bi tsofaffi masu kimanin shekara 80 da suka shiga ƙungiyar rera waƙa a Washinton, a sakamakon da ya fitar a 2006 bayan shekara guda sun fi takwarorinsu ƙarancin zuwa wurin likita da ƙarancin faɗuwa, kaɗaici ma ya ragu. A Ostareliya kuma tun shekarun 1990 aka fara buɗe wa maza tsofaffi rumfunan aikin katako da gyare-gyare, abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, don an lura namiji ba zai zauna ya kalle ka ido cikin ido ya ce ina cikin damuwa ba, amma in kuna gefe da gefe kuna goge katako sai maganar ta fito da kanta. Ba sai an yi rajistar ƙungiya ba, mutum uku da buta ɗaya da rana tsayayya sun isa. Ranar ce mai muhimmanci, in aka ce sai mun haɗu kawai ba za a haɗu ba.

In fara sayarwa?

In kana buƙatar kuɗin, bismilla. In ba ka buƙata ka yi tunani sau biyu, da zarar an ce ana so ranar Juma'a ya zama aiki, ka dawo inda ka baro.

Maigidana ya rasu bara. Tare muke shan shayin safe shekara arba'in da ɗaya, yanzu ko butar ba na son gani.

Allah ya jiƙansa ya ba ki haƙuri, Mama. Ba abin mamaki ba ne, ƙananan abubuwan nan na kullum su suka fi riƙe mutum, sun fi hoto sun fi tufafi. Kada ki tilasta wa kanki. Wasu sukan ga sauƙi in sun sauya lokacin ko wurin zaman ko irin ganyen, ya zama wani shayi ne dabam ba wancan ba, wasu kuma akasin haka, sai sun zauna a wurin nan dai da kofin nan dai suke samun sanyi, babu wanda ya yi kuskure a ciki. In hannunki na son abin yi, akwai masu haɗa bargo ko matashi da tsofaffin rigunan mamaci, akwai masu rubuta labarinsa shafi ɗaya a rana don jikoki, da kuka da komai. In kuma yanzu ba ki iya ko ɗaya, ki kira wata ta zo ta dafa, ke ki zauna kawai.

Kullum sai shayina ya huce ban sha rabi ba, na manta da shi ina saƙa. Akwai dabara?

Ni da na ji wannan daɗi na ji, don mantuwar nan ba irin wadda ake tsoro ba ce, hankali ne ya nutse cikin aiki har lokaci ya wuce ba a sani ba. Dabara dai kofi mai murfi, ko ki zuba a filas ki riƙa tsiyaya rabi-rabi, ko ki ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin ki zuba. Ki kuma ajiye shi nesa da zaren, tabon shayi ba ya fita da sauƙi a farin ulu. Mu masu fentin ruwa tamu matsalar dabam ce, na sa ruwan wanke buroshi a hagu shayi a dama, na sauya musu kofi kala daban, har murfi na saya, amma ko shekaranjiya sai da na tsoma buroshi mai shuɗi a cikin shayin, kuma sai da na kurɓa na gane.